Karen da Ya Sa Jar Rigata

Ranar wata Juma'a ce cikin watan Janairun 2013, bayan la'asar, ina durƙushe a kan kujera na manna goshi da gilashin tagar falonmu, hawa na huɗu a unguwar Hayyin Ashir. Numfashina yana rufe gilashin da tururi, ina sa gefen hannu ina sharewa. Can ƙasa na hango Baba ya fito daga ƙofar gini, ya naɗe wuya da hirami, hannunsa riƙe da igiya, a ƙarshen igiyar kuma ga Simsim, karen maƙwabcinmu, yana tsalle yana kaɗa wutsiya kamar an yi masa albishir. Wannan kam na riga na saba gani, kullum ma don shi nake hawa kujerar in ƙona raina. Abin da ban taɓa gani ba sai ranar shi ne jar rigar sanyin da ke jikin karen. Na sake share gilashin na ƙura ido. Ga farin zanen nan guda biyu a ƙirji, ga inda Umma ta ɗinke da baƙin zare lokacin da ƙusa ta kama ni. Rigata ce, an yanke mata hannuwa an zura wa kare. Shekarata tara a lokacin, kuma ban taɓa jin abu ya tokare mini ƙirji irin na ranar ba, ni da ƙirji yake ciwona.

Karatu ne ya kai mu Alƙahira. Baba yana neman digirin dakta a fannin fiƙihu, ya ɗauko mu ni da Umma daga Katsina ina 'yar shekara shida. Mutum ne mai shiru, irin wanda in ya shigo gida har cokula sukan rage ƙara. Da safe zai bi ƙaramar motar haya zuwa Darrasa inda jami'arsu take, ya dawo da littattafai a leda, ya shige ɗakin da muke kira ɗakin Malam ya turo ƙofa. Maganar da na fi ji a gidanmu ita ce ta Umma: "A yi a hankali, Malam yana nazari." Ba ya duka, ba ya tsawa, kuma da yake sunan mahaifiyarsa aka sa mini, bai taɓa kirana da komai ba sai "Uwata". Amma wasa da dariya ba su cikin tsarinsa. Murmushi yakan yi, shi ma gajere. Sau ɗaya tak na san mun fita ni da shi mu biyu, a sanyinmu na farko a garin, ranar da ya kai ni kasuwa ya ɗauko jar rigar nan ya kara a bayana yana gwadawa, ya ce wa mai shagon ita ce daidai da uwarsa. Ko da ta matse ni har cibiyata tana leƙowa, ban yarda an bayar ba. A ƙasan akwati na ɓoye ta, Umma kuwa da ta zo kwalema ta haɗa ta da tsummoki ban sani ba.

Wanda bai yi sanyin Alƙahira ba zai ce ƙasar Larabawa ai zafi ne. Sanyin garin nan cikin gida ya fi zama. Bango ya yi sanyi, tayil ya yi sanyi, ruwan famfo in ka sa hannu sai ka ji har cikin haƙori. Wanki yakan kwana a baranda ya wuni bai bushe ba. Ni kuma ina da asma, da iska ta canja sai ƙirjina ya fara kuka kamar tsohuwar ƙofa. Likita ya ce a kiyaye ni da sanyi, Umma ta ɗauki maganar ta ƙara mata gishiri. Daga makaranta sai gida, da aka yi hutun tsakiyar shekara kuwa ko ƙofar gida ban isa in leƙa ba. "Rigakafi ya fi magani," in ji ta, tana cusa tsumma a ƙarƙashin ƙofar baranda. Ga shi shekarun nan garin ba ya zaune ƙalau, abin ya zame mata hujja ta biyu. Aikina shi ne tsince shinkafa a faranti, ninke barguna, da jan kwandon da muke saukarwa da igiya ta taga mai gurasa ya saka mana, shi ma Umma ce ke buɗe tagar, ni ina daga baya ina ja. Wasana kuwa 'yar carafke da ƙwallayen dabino a kan darduma kusa da hita, ni ce mai yi, ni ce abokiyar yi, ni ce mai maguɗi. Na haddace muryar titi kaf daga sama: mai tukunyar gas yana buga ƙarfe, mai sayen tsofaffin kaya yana jan kira, yaran unguwa suna ihu a bayan ƙwallo.

Ƙofarmu tana kallon ta Ammu Fu'ad, wani dattijo Bamisire, tsohon malamin makaranta. Matarsa ta rasu, ɗansa yana aiki a Iskandariyya, daga shi sai Simsim, wani matsakaicin kare ruwan ƙasa mai gajeren gashi da kunne ɗaya a karye. Mutumin kirki ne, in ya dafa miyar adas, wani ɗan ƙaramin wake nasu, sai ya ƙwanƙwasa mana da kwano. Kullum da yamma yakan fita da karen, har ranar da aka yi yayyafi santsi ya kwashe shi a matakala ƙafarsa ta karye. Aka yi masa ɗori a asibiti aka dawo da shi gado. Mai gadin gini ya ce zai yi masa cefane, amma kare kam ko da wasa. Kwana kaɗan da kullewa Simsim ya haukace. Ya yi ta karce ƙofa, ya yayyaga matashin kujera, kukansa ya hana ginin sakat, har maƙwabta suka fara maganar a kora shi titi. Baba ya shiga gaishe da dattijon ina maƙale a bayansa, na ji da kunnena Ammu Fu'ad yana bayani da ƙwalla a idonsa, wai karen ba mugu ba ne, zaman ɗaki ne ba ya iyawa, dole kullum ya fita ya yi gudu ya shinshina duniya, ko ana sanyi ko ana ruwa, in ba haka ba zuciyarsa ta lalace. Yana magana karen yana shinshina takalman Baba a bakin ƙofa. Hausawa sun ce in ka ga kare yana shinshina takalmi ɗauka zai yi. Wannan bai tsaya a takalmin ba, har mai takalmin ya ɗauke. Baba ya dubi igiyar da ke rataye a ƙusa ya ce, "Khalas, shi ke nan, Ammu, ni zan riƙa fita da shi."

Umma ta tafa hannu ta yi salati. Malami guda, mai neman dakta a fiƙihu, da igiyar kare a titi! Da ta ga maganar ta zauna sai ta kafa dokoki. Ta ware masa wata tsohuwar jallabiya da wando ta sa musu suna kayan kare, a baranda suke kwana. Ta aiki yaron mai gadi ya ciko mata gwangwanin madara da yashi ta ajiye a bakin ƙofa, saboda a hawa na huɗu ƙasa ma sai an nemo ta. In Baba ya dawo a nan zai tsaya, ta zuba masa ruwa a buta ya wanke hannu, ya cuɗa da yashi, ya sake wankewa, tana tsaye tana ƙirgawa. Ya sha gaya mata cewa a mazhabarmu abin bai kai haka tsanani ba, ita kuma ta ce mazhabar gidan nan tata ce. Labari ya zaga cikin ɗalibai 'yan Arewa, har wani abokinsa Malam Sani ya zo takanas ya sha shayi ya yi ta kewaye-kewaye, daga ƙarshe ya ce mutane fa sun fara cewa Malam mai kare. Baba ya ƙara masa shayi ya ce, "Haƙƙin maƙwabci ne, Malam Sani." Ni duk wannan bai dame ni ba. Da najasa da surutun mutane, su ta shafa. Abin da ya tsaya mini a wuya shi ne mutumin da ba shi da lokacin da zai dubi zanen da na yi, yau ga shi da an yi la'asar yake rufe littafi da kansa, ba wanda ya tuna masa.

Kishi na yi, kishi na gaske, ba kuma zan sa masa wani suna ba. Na yi ta auna abin a raina yana ƙin daidaita: kare in an kulle shi zuciyarsa za ta lalace, ni in an kulle ni lafiya zan samu. Na ga Baba ya tattara tsofaffin safa ya dunƙule ya ɗinke da hannunsa ya yi ƙwallo, mutumin da ko maɓalli bai taɓa ɗinkewa ba. Na ga yana tsince ɓawon gurasa daga faranti yana zubawa a aljihu. Ran da ruwa ya hana fita ma karen bai yi asara ba, sai Baba ya hau da shi rufin gini, ko su yi ta hawa da sauka a matakala. Nakan kwanta a ƙasa in kara kunne a ƙofa, in ji farcen karen yana ƙaras-ƙaras a siminti, sai kuma in ji wani siririn fito mai kaifi ya ratsa ginin daga sama har ƙasa. Umma ta tsani fito, ta ce kiran shaiɗanu ne. Duk ran da ta ji sai ta ja tsaki daga kicin ta ce, "Wane mara tarbiyya ne wannan? Yaron mai gadin nan sai Allah ya shirya." Bayan kowace salla ina da addu'a guda da ba na fashi: Allah ya sa wa Simsim mura mai tsanani, shi ma a kulle shi ya ji in da daɗi. Karen nan ko atishawa bai taɓa yi ba. Da ya fara rawar ɗari kuwa, maimakon a zaunar da shi gida, sai aka shiga tsummokin Umma aka ɗauko masa rigata.

Ranar Juma'ar nan ban yi kuka ba, na dai ƙi cin abinci. Umma ta ce riga ce da ta yi mini kaɗan, in daina abin kunya. Na kwana ina saƙa da warwara. Washegari da aka yi la'asar, Baba ya sa kayan kare ya nufi ƙofa, sai ya tarar da ni tsaye a gabanta. Na kwance igiyar kwandon gurasa na ɗaura a ƙuguna, na riƙe ɗaya bakin na miƙa masa. Ya tsaya yana kallona. Na ce, "Ga tawa igiyar, Baba. Ni ma ba na cizo." Umma ta fito da ludayi a hannu, ta ga abin da ke faruwa, ta fara faɗa, wai 'yar Musulmi tana kwatanta kanta da kare, wa ya koya mini wannan rashin ta ido. Baba ya matso kusa da ni. Ya durƙusa ya kwance igiyar, ƙullin ya yi tauri har sai da ya sa haƙori, ina jin numfashinsa a cikina. Da ya miƙe ya dubi taga ya ce wa Umma, "Yau akwai rana. A sa mata kaya." Ta ce, "Malam, ƙirjinta fa?" Ya ce, "Akwai abin da ya fi ƙirjin ciwo." Haka ta naɗe ni tana mita, riga kan riga, safa biyu, hula, hijabi, ta shafe mini ƙirji da man zafi, ta danƙa wa Baba abin shaƙata. Na fito kamar ƙunshin goro, hannuwana ba sa sauka.

Ashe a titi wani sabon baƙin cikin ke jirana. Unguwar nan kaf ta san Simsim. Mai kanti ya ɗaga masa hannu, wata 'yar Sudan mai sayar da turare ta yi masa kirari da jar rigarsa, yara suka biyo mu suna kiran sunansa. Muka tsaya wurin mai gasa dankali a amalanke, hayaƙi yana tashi daga bututun tandunsa. Tun kafin mu ƙarasa ya ɓare ɓawo ya jefa wa karen, ya cafe a sama. Sannan ya dube ni ya tambayi Baba ko baƙuwa aka yi daga Najeriya. Shekara uku ina zaune a saman kansa! Baba ya ce 'yarsa ce, ya saya mini dankali mai zafi a takarda. Na ci, ya yi daɗi ƙwarai, amma ina ci ina hararar karen. Muka bi ta bayan tashar motoci, muka wuce wasu gine-gine da ba a ƙarasa ba, sai ga fili ya buɗe, yashi da tudun tsakuwa har inda ido ya ƙare, ba kowa sai iska da ledoji.

A nan na ga abin da har yau in na faɗa ba a yarda. Baba ya waiga hagu da dama, ya cire hularsa ya ba ni riƙo, ya tattare jallabiya ya cusa a wando, ya kwance wa karen igiya. Sannan ya sa yatsu biyu a baki ya saki fito. Fiton nan ne, siririn nan mai kaifi da Umma ke tsine wa yaron mai gadi a kansa. Na saki baki. Ya wurga ƙwallon safa ya zuba a guje, karen yana gaba yana biye, ya yi zilliya, ya faɗi a yashi, ya tashi yana dariya, dariya ta sosai har da riƙe ciki, na ga haƙoransa duka har da wani gibi a gefe da ban san yana da shi ba. Ya sa na rufe wa karen ido da gefen hijabina, ya zaga ya binne ɓawon gurasa nan da can, ya ce in sake shi. Simsim ya sa hanci a ƙasa yana tonowa ɗaya bayan ɗaya, Baba yana tsalle yana zuga shi da Hausa, yana ce masa Duna. Da muka zauna hutawa na tambaye shi wane ne Duna. Ya zuba yashi daga hannu zuwa hannu, sannan ya ce baƙin karensa ne na ƙauye. Mahaifinsa maharbi ne, in an gama girbi sanyi ya shigo sukan fita farautar zomo da gafiya, shi ne mai riƙe karnuka, ba yaron da ya kai shi gudu a garin. Da aka kai shi karatu birni aka ce masa mai neman ilimi ba ya yawo da kare, shi ke nan. Na ce, "Me ya sa ba ka taɓa gaya mini ba?" Ya ce, "Ai ba ki tambaya ba, Uwata." Na nuna karen da baki na ce, "Shi ya tambaya?" Dariyar da ya yi a nan ta fi ta farko, ya jawo ni jikinsa. Daɗi ya kama ni, haushi kuma ya ƙaru, don na gane duk yammacin da nake goge gilashi a sama, wannan Baban karen yake samu.

Na ce ni ma sai na yi gudu. Ya ce a hankali, ban ji ba. Na fizgi ƙwallon na ruga, kaya sun yi mini nauyi, karen ya bi ni yana haushi, Baba ya bi mu yana fito. Ban yi nisa ba ƙirjin ya rufe. Ya zaunar da ni ya sa mini abin shaƙa, har numfashi ya dawo. Ya mayar da hularsa, ya saki jallabiya, ya goya ni, ya ba ni igiyar karen na riƙe ta saman kafaɗarsa. Kafin mu iso titin mota ya koma Malam, tafiya a nitse, fuska a ɗaure. A matakala ya ce mini ƙasa-ƙasa, "Maganar fito ta tsaya tsakaninmu." Na kwanta jinya har hutun ya ƙare, Umma ta rantse ba ni ba fita sai zafi ya shigo, wannan karon Baba bai yi musu ba. Ina kwance ina jin fitarsu da dawowarsu. Ina ta lissafin in na warke zan sake ɗaura igiya, sai ga ɗan Ammu Fu'ad ya zo da mota ya ce zaman kaɗaici ya isa haka. Ta tagar nan na ga an sa dattijon a gaba, karen a baya ya leƙo da kai, sanye da rigata. Baba ya daɗe tsaye a bakin titi bayan motar ta sha kwana. Ya hawo ya wanke hannu da yashi, ya shige ɗakinsa ya turo ƙofa. Umma ta zubar da gwangwanin, ta kuma ce Alhamdulillahi, yaron mai gadi ya shiryu.

Yanzu mun daɗe da dawowa Katsina. Asmar ta sake ni, ina fita duk inda na ga dama, ba mai cusa tsumma a ƙarƙashin ƙofa. Baba ya zama babban malami, ɗalibai suna durƙusawa su gaishe shi, gwiwa ta fara ba shi wahala har yana dogara sanda zuwa masallaci. Umma har gobe ba ta san wanda yake fito a matakala ba. Kwanan baya da sanyi ya shigo na je gida na same shi a ƙofar zaure yana shan hantsi, sai ga wasu samari sun wuce da karnukan farauta za su daji. Na ga ya bi su da ido har suka ɓace, na ga hannunsa ya taso zuwa baki, yatsu biyu a haɗe. Na riƙe numfashi ina jira. Sai ya shafa gemu da hannun, ya ɗauki carbinsa. Na san Simsim ya daɗe da mutuwa, ba kuma abin da ya taɓa yi mini, amma har yanzu ban huce ba. Shi ya samu Baba sanyi guda cur, ni kuwa yammaci ɗaya na samu.